Aikin Saloma, Sunan Dominic

Kwamfutoci uku Cletus ya jera a kan kanta, ya goge kowacce da gefen rigarsa, ya ja da baya yana jira a zaɓa. Shagonsa na bakin kasuwar Zuru, tsakanin mai kayan babur da wata mai ɗinki. A shekarar dubu biyu da shida, in kana son kwamfutar cinya a garin, wurinsa ake tura ka, domin shi ke zuwa Legas ya ɗauko.

Saloma ce mai sayen. Malama ce a wata kwaleji a garin, tana kuma karatun digiri na biyu a Sakkwato. Kaka biyu ta yi tana hawa kabu-kabu zuwa Manga da ƙauyukan Wasagu, tana zama da mata manoma a gindin rumbu, tana auna dawar da suka zuba da wadda ƙwari suka bar musu zuwa bazara. Takardun amsoshinsu sun cika kwali. Abin da ya rage shi ne ta zuba alƙaluman a kwamfuta, ta tace su, ta rubuta abin da suka nuna.

Mijinta Dominic, ma'aikaci a wani ofishin gona, shi ya kawo ta a babur ɗinsa. Tun shigarsu ya ɗora hannu a kan wata mai ruwan azurfa.

"Wannan ita ce kaya. Dubi faɗin fuskarta. Tana cin faifan fim ko?"

"Tana ci, oga," in ji Cletus. "Sautinta sai ka ce kana silima."

Saloma ta ciro faifai daga jakarta, na manhajar ƙididdiga da malamarta Dakta Larai ta ba ta. Ta ce a sa mata shi a kowacce ta gani.

"Madam, zai ci lokaci fa."

"Ina da lokaci."

Mai ruwan azurfar ta buɗe manhajar da ƙyar, gindinta ya ɗauki zafi, da aka zare ta daga wuta kuwa ba a jima ba ta fara kukan batir. Ƙaramar ba ta da nauyi, za ta yi daɗin ɗauka, amma fuskarta ba ta nuna jadawali sai rabi. Ta ukun baƙa ce, mai kauri, an yi amfani da ita a Turai, har da ƙarzuwa a murfinta. Saloma ta zauna a benci ta ɗora ta a cinya, ta buga layuka kaɗan don ta ji taushin madannan. Ta tambayi ƙarfin ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, Cletus ya ce giga ɗaya ne kuma ana iya ƙarawa. Ta sa aka zare ta daga wuta, ta ci gaba da aiki a kai tana kallon alamar batirin. Bai motsa ba sai kaɗan.

"Wannan zan ɗauka. A unguwarmu wuta sai ta ga dama take zuwa, kuma lissafi zan yi da ita, ba kallo ba."

Dominic ya yi wata 'yar dariya, ya fita ya tsaya wurin babur. Suka kama hanyar komawa Rikoto, unguwarsu. Sai da suka isa ƙofar gida ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "A gaban Inyamuri ina cewa ga wadda za a ɗauka, kina cewa a'a. Na gode."

Watannin farko sun yi mata daɗi, ko da yake ita kaɗai ta san daɗin. Tana dawowa daga kwaleji, ta ɗora tukunya, ta yi wa 'yarta Praise wanka, sannan ta jawo kwalin ta zauna a bakin gado. Kowace takarda ta ɗauka sai ta tuna fuskar mai ita, da rumbun, da warin dawar da ta lalace. Ranar da jadawalin farko ya fito, ya nuna a fili cewa matan da ke gauraya hatsi da toka da wani ganyen daji asararsu ba ta kai ta sauran ba, sai ta miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki tana neman wanda za ta nuna wa. Surukarta Mama Talatu na tsakar gida tana tsince wake. Dominic na wurin abokansa. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ɗaliba, 'yan'uwanta kuma suna can nesa, ba wanda ke da waya. Ta koma ta zauna. Kafin damina ta yi nisa ta gama tace alƙaluman, ta rubuta babi huɗu cikin biyar.

A lokacin ne Dominic ya fara aron kwamfutar. Shi ma yana karatun babbar difloma na ƙarshen mako a wata makaranta a jihar Neja, wadda in ya samu za a ƙara masa girma a ofis. Ya ce zai buga ɗan wani aiki ne ya dawo da ita ranar Lahadi. Ya dawo da ita. Mako na gaba ya tafi da ita bai tambaya ba. Na gaba da shi, da ya dawo, sai ya sa ta a akwatin ƙarfensa ya kulle.

"Baban Praise, ina son kwamfutar. Saura babi ɗaya."

"Ba na son kina yawo da ita a kabu-kabu. Ɓarayi sun yi yawa."

"A ɗaki zan yi aikin."

"To ki bari in gama nawa. Gudu za ta yi?"

Ta kai maganar gaban Mama Talatu, da ladabi, tana durƙushe. Tsohuwar ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

"Ɗiyata, ke ma ki duba. Mace ta rataya jaka kamar namiji tana ratsa gari, mijinta shina tafe hannu wofi. Mutane suna magana. Abin da ke cikin gidanga ai na mai gida ne. In ya gama zai ba ki."

Saloma tana da kwafin aikinta a ɗan filas, 'yar ma'ajiyar bayanan kwamfuta, da take ɗaurewa a bakin zane. Ta kai shi shagon buga takardu na kusa da tasha, amma kwamfutocin wurin ba su ɗauki manhajar ba, ɗaya ma ta nemi lalata mata filas ɗin. Ta dawo ta koma rubutu da biro. Babin ƙarshe yana bukatar ta sake duba jadawalai, jadawalan kuma suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadon da take kwana a kai. Wani lokaci tana shara tsintsiya ta bugi akwatin, ta tsaya ta dube shi, ta ci gaba.

Wata Asabar ya manta bai kulle ba. Ta ɗauko ta ta kunna, sai ta tarar ya sa mata kalmar sirri. Ta gwada sunansa, ta gwada na Praise, ta gwada na uwarsa. Ta rufe ta mayar yadda ta same ta.

Dakta Larai ta yi ta aiko da saƙo ta wayar ofis. Saloma ta ce ba ta da lafiya. Daga baya ta ce 'yarta ce ba lafiya. Ta rame, abokan aikinta suka fara tambayar ko ciki ne. A gida kuwa ba wanda ya lura, domin tuwo bai taɓa makara ba.

Sai bayan Kirsimeti Dominic ya ajiye mata kwamfutar a kan gado, ya rubuta kalmar sirrin a bayan kwalin ashana.

"Ga kayanki nan. Kin ga ban cinye ta ba."

Har godiya ta yi masa. Ta gama babin cikin gaggawa, ta buga, ta ɗaure, ta aika Sakkwato. Da aka sa ranar kare aikin ta ɗinka sabon zane.

Ranar ba ta kai ga shiga zauren ba. Dakta Larai ta tare ta a baranda, ta ja ta ofis ta rufe ƙofa. A kan tebur akwai kundin Saloma, kusa da shi kuma wata takarda da aka aiko daga wata makaranta.

"Zauna, Saloma. Wane ne Dominic Sila?"

"Mijina ne, Dakta."

Dakta Larai ta cire tabarau ta murza idanunta. Ta yi mata bayani a hankali. Baƙon malamin da aka gayyato ya duba aikin, daga makarantar da Dominic ke karatu yake. Yana buɗe kundin ya ce ya san wannan aiki. Ƙauyukan ɗaya, jadawalan ɗaya, har kuskuren rubutun da ke shafin godiya ɗaya. Wani ɗalibinsu ya miƙa shi tun kafin Kirsimeti, an ba shi sakamako mai kyau, an yaba masa.

"Ni na san aikinki ne. Na ga takardun tun suna da ƙurar ƙauye a jikinsu. Amma kwamitin ba ni kaɗai ba ce, kuma a takarda nasa ya riga naki. Yanzu abin da suke gani shi ne mata ta kwafi aikin mijinta."

Dakta Larai ta mayar da tabaraunta, ta ci gaba.

"Hanya ɗaya ce. Ki rubuta yadda abin ya faru ki sa hannu, ki kawo kwalin takardun nan kafin ƙarshen zango. Za mu wanke ki. Sai dai ki sani, dole mu sanar da makarantarsu."

A motar komawa Zuru ta zauna a kujerar baya, kundin a cinyarta, sabon zanen ya jiƙe da gumi. Fasinjoji suna ta hirar siyasa da tsadar taki. Da aka tsaya a Koko matar da ke kusa da ita ta miƙo mata rake, ta karɓa ta riƙe har suka iso ba ta sha ba.

Ta same shi da yamma a ƙofar ɗaki yana wanke babur.

"Baban Praise, ka miƙa aikina a makarantarku?"

Bai daina wankin ba. "Wa ya gaya miki?"

"Sun hana ni shiga. Sun ce ni na sata."

Ya matse tsumman ya rataya a kan madubi. "To ai ban san malamin zai je can ba. Tsautsayi ne. Kuma wace irin sata? Sila ne ni, Sila ce ke. Wa ya ba ki izinin fita ƙauyukan nan? Wa ya haƙura da tuwon sanyi ranakun da kike Wasagu? Da hannuna a cikin aikin nan."

"Ko rumbu ɗaya ba ka leƙa ba."

"Ki iya bakinki." Ya sassauta murya. "Ke kina da aikinki, ba wanda zai kore ki don ba ki da digiri na biyu. Ni shekara nawa ina matsayi ɗaya, yaran da na koya wa aiki suna wuce ni? Ki sake wani. Ke ai ba ya miki wuya."

"Sun ce in rubuta gaskiya."

Sai a lokacin ya dube ta sosai. "Rubuta. Amma ranar da kika sa hannu, ki haɗa kayanki. Praise kuma 'yar gidan nan ce, ba inda za ta."

Kwanakin da suka biyo baya, mutane suka yi ta zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin lallashinsa. Mama Talatu ta shigo ɗakinta, abin da ba ta saba ba, ta zauna a bakin gado.

"In ya hau, ke ma kin hau. In aka kore shi, mi za mu ci? Takarda ce fa, ɗiyata. Don takarda za ki kashe gida?"

Aka kira Beatrice, shugabar zumuntar mata a majami'arsu, mace mai kirki wadda ta riƙe hannun Saloma ranar da ta haifi Praise. Ta zo da littafin waƙoƙi, suka yi addu'a, sannan ta ce, "Ƙanwata, ban ce ya kyauta ba. Bai kyauta ba. Amma mace ta gari ita ke rufa wa mijinta asiri. Ki bar wa Ubangiji, shi ya san wanda ya yi aikin."

"Mama Beatrice, kwamitin ba su sani ba."

"Ki yi haƙuri. Dukanmu da abin da muke haɗiyewa."

Duk cikin masu zuwan ba wanda ya tsaya a ƙofar Dominic. Shi yana fita da safe, ya dawo da yamma, ya ci tuwo, ya kunna rediyo.

Saloma ta rubuta bayanin. Ta rubuta shi a ofis, a tsanake, ta ninke ta sa a jaka. Kullum da safe in tana yi wa Praise kitso ko tana ɗaura mata takalmi sai ta ce a ranta gobe za ta kai. Yarinyar ba ta san kome ba, tana ta surutunta na makaranta. Ranar ƙarshe ta zango Saloma ta je har tasha, ta tsaya kusa da motar Sakkwato tana cika. Kwandasta ya tambaye ta ko za ta. Ta ce a'a, wani take jira. Ta tsaya har motar ta tashi, sannan ta taka da ƙafa zuwa gida.

Aka cire sunanta daga karatun. Labari ya iso kwaleji ba a san ta inda ya biyo ba, kuma ya iso a juye. A ɗakin malamai in ta shigo sai hira ta mutu. Aka karɓe ɗaliban da take duba wa aikin ƙarshe aka ba wani. Ta koma cin abincin rana ita kaɗai a aji bayan an tashi.

Dominic ya samu ƙarin girma da bazara. Aka yi godiya a majami'a, ya sa babbar riga, aka kira shi gaba aka ce ga ɗan da ya damu da wahalar matan ƙauye har ya yi bincike a kanta. Mata suka yi guɗa. Saloma na gida tun da hantsi tana tuƙa tuwon baƙi, hayaƙi na shigar mata ido.

Ba a yi wata biyu ba ya dawo daga ofis da rana tsaka, abin da ba ya yi. Ya ɗauko kwamfutar ya ajiye a gabanta a kan tabarma, ya tsuguna, murya a sanyaye.

"Maman Praise, wasu baƙi za su zo daga Abuja jibi, masu tallafa wa manoma. Shugabanmu ya ba su kundin, sun ce suna son in yi musu bayani. Akwai wasu lambobi a ƙasan jadawalan nan masu tauraro a kai. Ki rubuta min abin da zan ce, da abin da za su iya tambaya."

Mama Talatu na zaune a inuwar rumbu tana jin su. Saloma ta dubi jadawalin da ya buɗe. Ta san kowace lamba a ciki, ta san matar da ta fito daga rumbunta. Ta sa hannu ta rufe murfin a hankali, ta tura masa.

"Ba zan rubuta ba."

"Me kika ce?"

"Aikinka ne. Ka yi musu bayani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya.

Ya je taron. Abin da ya faru a can ba wanda ya faɗa dalla-dalla, sai dai an ce baƙin sun yi tambayoyi, ya yi ta goge gumi, shugabansa ya katse zaman da cewa lokacin abinci ya yi. Tallafin ya tafi wata ƙaramar hukuma. Ba a kore shi ba, ba a rage masa matsayi ba. Ya dawo gida ya kwanta ya ce kansa na ciwo, uwarsa ta dama masa kunu.

Ranar Lahadi bayan sujada aka tara dangi a tsakar gida. Kawunnansa suka zauna a kujeru, mata a tabarma, Saloma a tsakiya. Aka daɗe ana magana. Aka ce ta kunyata mijinta a gaban baƙi. Aka ce ilimi ya hau mata kai. Wani kawu ya ce tun ranar da aka bar ta ta zaɓi na'ura da kanta aka yi kuskure. Saloma ta jira ko wani zai tambayi yadda aka yi mutum bai san abin da ke cikin littafin da ke ɗauke da sunansa ba. Duk wanda ke wurin ya san amsar, shi ya sa ba a yi tambayar ba. A ƙarshe aka ce ta durƙusa ta ba shi haƙuri.

Ta dubi Praise da ke maƙale a ƙofar ɗaki. Ta durƙusa.

Dominic ya ce ya yafe, aka yaba masa da sanyin hali, aka kawo abinci.

Tana nan a gidan har yanzu, tana koyarwa, tana tuƙa tuwo. Ba ta sake neman karatu ba. Ba a yi mata duka ba, ba a hana ta abinci ba, saboda haka a lissafin unguwa ba a yi mata kome ba. Da akuyarta ya kama ya sayar a ɓoye, da dangi sun zauna a kansa, domin akuya abu ce da ake gani. Shekarun da ta kashe, da tunaninta, da sunanta a wurin aiki, waɗannan ba wanda ya ɗauke su dukiyar da za a iya sacewa, balle a ce miji ne ɓarawon.

In ka je Rikoto ka tambayi labarin, za a ba ka shi. Uwaye ma suna ba 'ya'yansu mata masu shirin aure, don su kiyaye. Za a ce maka akwai wata malama mai taurin zuciya, wadda mijinta ya roƙe ta taimako sau ɗaya tak, ta ƙi.